Husufin Rana Da Hakkin Da Ke Kan Mai Sani

Ran Laraba, 29 ga watan Maris na shekarar 2006, wanda ya zo daidai da ƙarshen watan Safar, na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, watau rana ta ɓace da hantsi, ba hadari, ba hazo. A birnin Katsina ne, muna tsakar wani gida na maƙwabta, ƙarƙashin itacen bedi. Tun da sauran kwanaki aka yi ta shela a rediyo cewa ran kaza da ƙarfe kaza za a yi husufi, kada kowa ya firgita, kada kuma kowa ya dubi rana da ido. Waɗansu suka gaskata, waɗansu suka ce, "Wane mutum! Wa ya hau sama ya jiwo?" Amma dai masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Masu lissafi kuwa ba su ji kunya ba.

A gidan nan akwai wata tsohuwa da jikanta, yaro ɗan kimanin shekara goma sha uku, ɗan makaranta kamarku, mai kaifin hankali ƙwarai. Saboda su biyun nan na ɗauki alƙalami, gama abin da ya gudana tsakaninsu cikin sa'a guda ya bar mini tambaya wadda har yau ina juya ta.

Bayan ƙarfe tara kaɗan aka ce an fara. Da fari ba wanda ya ga wani bambanci, sai da yaron ya ɗauko matankaɗi ya riƙe bisa wani farin zane da ya shimfiɗa a ƙasa. Sai ga kowace ƙofa ta matankaɗin ta zubo da ɗan haske mai gaɓa a gefe guda, sai ka ce an gatsi ƙosai. Can an jima muka duba ƙarƙashin bedi, hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye duk ya koma kamar jinjirin wata, ɗari bisa ɗari, sun rufe ƙasa. Da tsohuwa ta ga haka sai ta yi salati, ta tattara ƙananan jikokinta ta kora su ɗaki, ta saki asabari. Sa'an nan ta ɗauko ƙwarya da muciya ta zauna bakin ƙofa tana bugawa, tana roƙon Allah Ya kawo sauƙi. Haka ta ga iyayenta suna yi in wata ya yi zazzaɓi, sa'ad da yara kan bi gari da gwangwani suna kiɗa don rana ta saki wata.

Yaro ya dube ta ya fashe da dariya. Ya ce, "Haba Kaka, wa kike yi wa kiɗa? Wata yana nesa da mu wajen mil 240,000. Ko tamburan sarki aka kawo ba zai ji ba, balle ƙwaryarki."

To, kun sani jika da kaka abokan wasa ne, ba a hana su tsokanar juna. Amma wannan dariya ba ta wasa ba ce, kowa ya ji haka. Ita ma ta ji, domin ba ta rama ba kamar yadda ta saba, ba ta ce masa "mijin banza" ba. Ta dai sunkuyar da kai ta ci gaba da bugun ƙwaryarta a hankali.

Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, duk abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, har ma ya ƙara da bayani mai kyau wanda ya kamata kowane ɗan makaranta ya riƙe. Wata yana kewaya duniya, duniya tana kewaya rana. In ƙarshen wata ya yi, wata yakan bi ta tsakaninmu da rana. Da hanyarsa ta yi daidai da hanyar rana sak, da kowane wata sai an yi husufi. Amma hanyar tasa a karkace take kaɗan, kimanin digiri 5, saboda haka yawancin watanni sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa, inuwarsa ta faɗa sarari, ba ta taɓa mu ba. Sai jifa jifa ne ukun nan kan jeru a kan miƙaƙƙen layi guda.

Yaya kuwa ɗan ƙaramin wata zai rufe babbar rana? Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, za ka ga yatsan nan ya ɓoye maka rimin da ke bayan gari. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, amma kuma ta fi shi nisa kamar sau 400, gama tana wajen mil miliyan 93 daga gare mu. Don haka a idonmu girmansu kusan ɗaya ne, wata ya iya zama wa rana murfi kamar faifai a bakin tukunya. Inuwar da ke sauka ƙasa siririya ce. Ta ran nan faɗinta bai wuce mil 120 ba. Ta taso daga Birazil da fitowar rana, ta ƙetare teku, ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki, ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi, ta ratsa hamada zuwa Libiya da Turkiyya, ta ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana. Mutanen Kano, ga su kusa, ba su shiga tsakiyarta ba, sai dai suka ga rana ta ragu ƙwarai. An lissafta cewa in ka zauna gari guda, a matsakaicin lissafi sai kusan shekara 375 kafin irin wannan inuwa ta sake bi ta kanka.

Yaro yana cikin wannan bayani haske ya soma sakewa. Bai yi kama da na magariba ba, gama na magariba ja ne, wannan kuwa fari ne mai rauni, kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Zafin bazara ya sauka, wata 'yar iska mai sanyi ta taso. Kaji suka daina tono, suka nufi akurki a jere. Tsuntsaye suka yi ta kai da kawowa, sa'an nan suka yi tsit. Da misalin ƙarfe goma da rabi sai ɗan abin da ya rage na rana ya tattaru wuri guda ya yi ƙyalli, ya mutu. Duhu ya faɗo mana gaba ɗaya kamar an kifa masaki.

Na ɗaga kai, gama a wannan ɗan lokaci kaɗai, da rana ta rufu ruf, ido ke iya duba ba lahani. Inda rana take sai ga wani baƙin faifai, baƙi ƙirin, kewaye da shi wani farin haske mai laushi yana miƙe miƙe kamar zaren auduga da aka shaɓa. Wannan haske kullum yana nan kewaye da rana, ƙarfin haskenta ne ke ɓoye mana shi. Ga Zara ta fito a yamma da shi, tana haske da hantsi. Gefen sama kuwa, gabas da yamma, kudu da arewa, duk ya yi ja kamar alfijir yana ketowa ta kowace fuska. Daga cikin gari sai kabbara ke tashi, da kukan yara, da muryar liman daga masallaci.

Da na sauke kai na dubi yaron nan, sai na tarar ya bar inda yake. Yana tsugune jikin kakarsa, ya riƙe gefen zanenta da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Matankaɗi yana can yashe a ƙasa. Ita kuwa ta ajiye muciya, ta ɗora hannu bisa kansa. Minti huɗu ba kaɗan muka yi haka, ba wanda ya ce uffan, har gefen rana ya sake ɓullowa, zakara ya yi cara.

To, ga tambayata. Yaron nan ya san dalili, tsohuwa ba ta sani ba. Me ya wajaba a kansa game da tsoronta? Kada ku ce wannan ƙaramar magana ce ta cikin gida. Duk wanda aka sa makaranta, ran da ya koma garinsu zai tarar ya san waɗansu abubuwa da iyayensa ba su sani ba, kamar abin da ke kawo zazzaɓi, da abin da ke rubuce cikin takardar da aka aiko daga ofis, da yadda ake lissafin bashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan husufi ne ƙarami, wani yana tsoro, kai kana da fitila.

Bari in ba ku labarin wani wanda ya sami kansa a wannan matsayi. Kun karanta sunan Kolumbus, matuƙin jirgin ruwa wanda ya isa ƙasashen Amurka daga Sifen a 1492. A tafiyarsa ta huɗu tsutsa ta cinye masa katakon jirage, tilas ya kafe su a gaɓar tsibirin Jamaika a tsakiyar 1503, shi da mutanensa fiye da ɗari. Mutanen tsibirin suka yi ta kawo musu abinci wata da watanni. Da baƙin nan suka daɗe, waɗansunsu kuma suka shiga cutar masu gida, sai masu gida suka janye hannu. Yunwa ta kama baƙi. Kolumbus kuwa yana da littafin lissafin taurari, ya duba ya ga za a yi husufin wata daren 29 ga Fabrairu, 1504. Sai ya tara shugabannin mutanen, ya gaya musu Ubangijinsa ya yi fushi da su don sun hana shi abinci, alama kuwa za su gani ga wata. Da dare ya yi, wata ya fito ya rine ya yi ja. Mutane suka sheƙo da kayan abinci suna kuka, suna roƙo ya roƙa musu gafara. Ya shiga ɗakinsa na jirgi kamar mai addu'a, alhali lokaci yake aunawa. Da ya ga husufi ya kusa yayewa sai ya fito ya ce an yafe musu. Ɗansa, wanda ke tare da shi a tafiyar, shi ya rubuta labarin.

Na sha jin ana ba da wannan labari ana dariya, ana yaba wayon mutumin. Kuma in za a yi adalci, akwai abin da za a faɗa a madadinsa. Rayuka fiye da ɗari suna wuyansa. Bai zub da jinin kowa ba a daren nan, da kuwa ya aika da masu takobi su ƙwato abincin, da an yi ɓarna. Wani zai ce, in dabara ta hana yaƙi, ina laifinta? Wannan hujja tana da nauyi, ni kaina na daɗe ban sami amsarta ba.

Amma ku duba inda ƙaryar take. Lissafinsa duk gaskiya ne, dare da sa'a ba kuskure. Abin da ya ƙara shi ne dalili. Ya ɗauki yunwar cikinsa ya sa a bakin Ubangiji. Gaskiyar lissafin kuwa ita ta ba ƙaryar ƙafafun tsayawa, domin da wata bai rine ba, da ba wanda ya kula shi. Ashe ilimi na gaskiya ya fi jahilci iya yaudara in ya faɗa hannun mai son kansa. Sa'an nan ku dubi halin da ya bar mutanen nan. Kafin ya zo suna tsoron husufi kawai. Bayan ya tafi suna tsoron husufi, suna kuma tsoron baƙo mai littafi. An ce rashin sani ya fi dare duhu, shi kuwa ya tarar da su cikin duhu, yana riƙe da fitila, ya hura ta don ya laluba rumbunsu. Da ya ce musu, "Mun cuce ku, ku yi haƙuri, ga abin da za mu biya," wataƙila su ƙi, wataƙila su yarda. Bai so ya shiga wannan kasada ba, gama roƙo yana mai da mutum daidai da wanda yake roƙo.

Yanzu ku kwatanta da abin da ya faru a Madina shekara ta 10 bayan Hijira. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da ɗa ƙarami mai suna Ibrahim, wanda Mariya ta haifa masa. Yaron ya rasu bai cika shekara biyu ba. Ran nan kuma aka yi husufin rana, wanda masu lissafi na zamani suka ce ya dace da 27 ga Janairu, 632. Mutane suka ce rana ta kisfe ne saboda mutuwar Ibrahim. Ku lura da kyau, ba shi ya ce ba, su suka ce, da kyakkyawar niyya kuwa, don girmama shi. Ba a bukaci ya yi ƙarya ba. Ya yi shiru kawai ya isa, magana ta bazu cikin Larabawa cewa sama ma ta yi makokin ɗansa. Ga shi kuma cikin baƙin cikin rashin ɗa, lokacin da ba mai zargin mutum in ya yi shiru. Duk da haka ya tara jama'a ya yi salla da su mai dogon tsayuwa, sa'an nan ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, in sun ga haka su yi salla da addu'a da sadaka. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Abin da ya fi kama hankalina a nan shi ne, dalilin ƙarya kaɗai ya cire musu, ya bar musu girman abin. Bai ce su koma kasuwa ba abin da ya faru ba. Ku da ke karatu a makarantun mishan kuma kun san a littafin Annabi Irmiya, sura ta 10, an hana mutane firgita da alamun sama irin firgitar al'ummai, alhali Zabura ta 19 tana kiran mutum ya dubi sammai ya ga ɗaukakar Mahaliccinsu. Firgita daban, ganin girma daban. Yaronmu ya zaci tun da ya san lissafi ya kuɓuta daga duka biyun, sai da duhu ya sauko jikinsa ya gaya masa abin da kansa bai sani ba. Ni ban ga abin kunya cikin riƙon zanen da ya yi ba. Na ma fi yarda da iliminsa bayan ya riƙe.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa don a yi wa tsohuwa adalci. Hatsarin husufin rana na gaskiya a ido yake. Muddin ko ɗan ƙyas na rana yana waje, haskensa yana iya ƙona bayan ido, wurin nan kuwa ba ya jin zafi, mutum ba zai sani ba sai daga baya ya ga tabo a tsakiyar ganinsa, wani tabon ba ya warkewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsarewa, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi, haka kallon rana cikin kwanon ruwa. To, wa ya tsare idon ƙananan yaran gidan nan? Tsohuwa, da ta kora su ɗaki. Dalilinta kuskure ne, aikinta ya yi amfani. A waje kuwa na ga samari masu cewa su ba sa tsoron komai suna ƙyafta ido suna leƙen rana. Wanda ya rushe wa mutum tsoronsa da dariya, bai ba shi sanin da zai maye gurbinsa ba, ya cire masa tsohon shinge ne ya bar gonar a buɗe.

Kada kuwa wani ya ce, to, a bar kowa da tsoronsa mana, tun da yana da amfani. Tsoron da ba a yi wa bayani ba ba ya zama wuri ɗaya, yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi. A watan Janairu na 2001 an yi husufin wata, waɗansu samari a Maiduguri suka ce zunubin mutane ne ya jawo shi, suka bi gari suna ƙona masaukai da gidajen giya. Husufin nan kuwa an san darensa da sa'arsa tun kafin a haifi kakanninsu, da garin duk waliyyai ne ma sai an yi shi. A cikin garin akwai masu sani da yawa, na boko da na zaure. Nakan tambayi kaina, su nawa ne suka zauna da yaran unguwarsu kafin daren nan suka yi musu bayani? Shirun mai sani ma yana da nasa hisabi.

Da haske ya komo, kaji suka fito suna waige waige kamar an yi musu ƙarya, tsohuwa ta ɗaga asabari ta saki yara. Sa'an nan ta dubi jikanta ta ce, "Kai maigida, kai da ka ce wata ba ya jin kiɗa, ƙwaryata ka zo ɓuya a ciki?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, wannan karon irin ta jika da kaka. Can sai ta ce, "To, zo ka nuna mini abin nan naka."

Ya ɗauko lemo ya ce shi ne wata, ya ce ta rufe ido ɗaya, ya riƙe shi tsakanin idonta da bakin randa, yana matso da shi a hankali har randa ta ɓace mata. Ya janye, randa ta komo. Sau uku ta sa ya yi. Ta ce, "Ashe rana ba ta san ma an yi ba?" Ya ce, "Ba ta sani ba, Kaka. Mu ne inuwa ta bi ta kanmu." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ikon Allah! Wanda ya auna su haka ya iya awo."

Ta tambaya ko zai sake dawowa. Na gaya mata tun zamanin mutanen Babila aka gane husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da sulusin kwana, amma saboda sulusin nan duniya ta ƙara juyawa, sai ya faɗa wata ƙasa can yamma. Haka kuwa aka yi, ɗan'uwan husufinmu ya sauka a Meziko da Amurka da Kanada ran 8 ga Afrilu, 2024, tsohuwa ba ta kai ba, Allah Ya ji ƙanta. Na kuma gaya mata an lissafta wani zai ratsa Nijeriya da Kamaru da Cadi ran Litinin, 20 ga Maris, 2034, amma tsakiyar inuwarsa ta kudu da mu za ta bi.

Ta ƙirga da yatsu, ta ga lissafin ya fi ƙarfin kwananta. Sai ta miƙa wa yaron ƙwaryar, ta ce ya ajiye, in ranar ta zo ya ba 'ya'yansa su buga. Ya ce, "Ai na ce miki ba ya ji." Ta ce, "Na ji. Ka ba su dai, hannu ya sami abin yi, kada su dubi sama."